A BUƊE MANA ƊAKIN KAFINTA

  Maganarmu a kan wani ɗan ƙaramin zarto ce, wanda bakinsa bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Kada mai karatu ya yi saurin raina shi, don Bahaushe ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

In ka shiga ajin ƙarshe na kowace makarantar sakandare a wannan yanki namu, daga Banga zuwa Kaura Namoda, daga Shinkafi zuwa Zurmi, ka tambayi ɗalibai abin da suke so su zama, za ka ji likita, lauya, injiniya, soja, ma'aikacin banki. Da wuya ka ji wanda zai ɗaga hannu ya ce kafinta ko masassaƙi. In ma wani ya yi kasada ya faɗa, dariyar aji kaɗai ta ishe shi hukunci. Har gida ma, yaron da ya faɗi jarrabawa da shagon kafinta ake yi masa barazana, sai ka ce gidan yari ne. Alhali kuwa bencin da muke zaune a kai, da allon da malam ke rubutu a jiki, da ƙofar da ke tsare mana ɗakin kwana, duk daga hannun wannan mutumin da muke wa dariya suka fito.

A makarantarmu akwai wani ɗaki a bayan ajujuwa da ake kira ɗakin kafinta. Tun da muka shigo aji ɗaya kwaɗo muke gani a ƙofarsa. In ka leƙa ta taga sai ka ga tebura masu kauri, ƙura ta lulluɓe su, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Roƙonmu guda ɗaya ne: a buɗe mana wannan ɗaki, ko da sau biyu ne a mako bayan an tashi daga karatu, a bar mu mu kafa ƙungiyar masu sha'awar aikin katako. Abin da muke so mu fara da shi kuwa shi ne zarton ado.

MENE NE ZARTON ADO?

Zarton da muka saba gani wurin kafinta faffaɗa ne, aikinsa yanka katako a miƙe. Zarton ado kuwa siriri ne ƙwarai, tsawon bakinsa wajen inci 5 ne, wato kimanin santimita 13. Saboda sirantarsa yana iya yin kwana a cikin katako kamar yadda allura ke bin zane a jikin hula. Da shi ake yanko fure, da harafi, da tauraro, da kowane irin lanƙwasasshen zane daga cikin siririn katako.

Iri uku ne. Akwai na hannu, wanda ake ɗaure bakin a jikin wani lanƙwasasshen ƙarfe mai zurfin ciki, mai ƙota. Akwai na ƙafa, wanda ake takawa kamar keken ɗinkin tela. Akwai kuma na lantarki, mai ɗan tebur, bakin yana hawa yana sauka da sauri, mai aiki kuwa katakon yake juyawa da hannu biyu yana bin layin zane. Kowane iri ne, haƙoran bakin ƙasa suke kallo, domin su riƙa danne katakon a kan tebur maimakon su fizge shi sama.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ka zana abin da kake so a takarda, ka liƙa ta a kan falle ɗaya na siririn katakon nan da kafintoci ke kira filawud, mai kaurin milimita 3 zuwa 6. In zanen yana da rami a tsakiya, kamar cikin harafin O, sai ka huda ɗan ƙaramin rami, ka kwance bakin zarton daga gefe ɗaya, ka zura shi ta ramin, ka sake ɗaurewa, ka yanke cikin ba tare da ka taɓa gefen katakon ba. Wannan dabara ita ce babban zarto ba ya iyawa. In ka gama sai ka goge da takarda mai yashi, ka shafa mai ko fenti.

Wannan aiki ya daɗe a duniya. A Faransa, André-Charles Boulle, wanda ya rayu daga 1642 zuwa 1732, ya shahara da yi wa kayan ɗakin Sarki Louis na 14 ado da gutsattsarin da ake yankowa da siririn zarto. A Ingila, wajen shekarar 1766, wani mai zanen taswira a Landan mai suna John Spilsbury ya liƙa taswirar Turai a kan katako, ya yanke kowace ƙasa bisa iyakarta, domin yara su riƙa harhaɗawa suna koyon labarin ƙasa. Daga nan wasan harhaɗa hoto ya samo asali. A 1895 kuma aka fara buga wata mujalla ta mako-mako mai suna Hobbies, ta wani kamfani da ke garin Dereham, tana fitar da zane-zane ga masu sha'awa, kamfanin kuma yana sayar da zarton hannu da na ƙafa. Malamai da akawuna da 'yan makaranta suka riƙa yin wannan aiki da yamma don nishaɗi, a zamanin da gidaje da yawa can ma ba su da lantarki.

BA BAƘON ABU BA NE A WURINMU

Wani zai ce wannan ai wasan Turawa ne, ina ruwan ɗan Zamfara da shi? To, sai mu ce ya duba cikin gidansu. Turmi da taɓarya, akushi da muciya, kujerar tsugunno da ƙotar kalme, allon karatu da sirdin doki, wa ya yi su? Masassaƙanmu ne, da gatari da gizago, ba tare da sun taɓa riƙe abin awo na zamani ba. Sun san ƙirya ce ke jure dakan shekara da shekaru, sun san marke ne ke yin ƙota mai ƙarfi, sun san aduwa ce ke yin allo mai santsi. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya ga yadda mata ke ƙwanƙwasa turmi su saurari amonsa kafin su taya. Wannan ilmi ne, ko da yake ba a rubuta shi a littafi ba.

Ado ma ba mu ara wurin kowa ba. Dubi zanen da ake yi wa ƙwarya, da zayyanar allo, da aikin dukawa a jikin fata, da dagin da magina ke yi a fuskar soro. Duk layi ne da kwana da daidaito, irin abin da zarton ado ya fi ƙwarewa a kai. Mu kanmu, wane ne a cikinmu bai ƙera motar kara ko ta gwangwani ba yana yaro? Mun yi mata taya, mun yi mata sitiyari, ba wanda ya koya mana. Ina wannan basira ta tafi? Ranar da muka sa kayan makaranta aka nuna mana cewa hannu ba shi da wani aiki sai riƙon biro.

Waɗanda suka kafa makarantun boko na farko ba haka suka ɗauki abin ba. Makarantar Hope Waddell da 'yan mishan suka buɗe a Kalaba a 1895 ta haɗa karatu da kafinta da gini da ɗab'i. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'a. A ƙasar Finland tun 1866 aka sa aikin hannu cikin darussan makarantun firamare. A nan Nijeriya, da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, babban burinsa shi ne yaro ya gama ƙaramar sakandare hannunsa ya iya wani abu. An sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu. Amma da yawa daga cikinsu sun ruɓe a cikin akwatunan da suka zo ciki, saboda ba lantarki, ba ɗakin da za a kafa su, ba malamin da ya san kansu. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: an fara da babba aka bar ƙarami. Mu kuwa da ƙaramin muke so mu fara.

DALILANMU

Na farko, zarton ado bai dogara da lantarki ba. Kowa ya san halin wuta a garuruwanmu. Zarton hannu ba ya bukatar komai sai hannu, da ɗan allon da aka yi wa tsaga a baki aka ɗaure a gefen tebur. Na ƙafa kuwa, duk garin da tela ke ɗinki, zarton ƙafa zai yi aiki. Muna da maƙera da masu walda a Kaura waɗanda in an nuna musu hoto za su iya ɗora shi a kan ƙafar tsohon keken ɗinki.

Na biyu, ba ya cin itace. Wannan magana ce mai nauyi a ƙasa irin tamu da hamada ke matsowa. Turmi ɗaya sai an kayar da babbar bishiya. Madobiya, wadda kakanninmu suka sani a dazuzzukan Arewa, an sare ta an yi ta lodi zuwa ƙasar Sin har sai da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu daga 2017. Mai zarton ado kuwa guntayen da kafinta ke zubarwa su ne jarinsa. Ƙyallen filawud mai faɗin tafin hannu ya isa a fitar da harafi ko abin rataye makulli. Ɓallen tsohon akwati, ƙafar karyayyen benci, duk suna da amfani. Maƙwabtanmu na jihar Maraɗi sun nuna mana cewa ana iya mayar da itace gona: tun 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya haɗa kai da manoma suka riƙa renon tohon da ke fitowa daga kututture, abin da ake kira sassaben zamani, har miliyoyin kadada suka sake yin kore. Yaron da ya san wahalar fitar da abu mai kyau daga guntun katako ba zai ga ana sare bishiya a banza ya yi shiru ba.

Na uku, yana taimakon karatun aji. Malamin lissafi yana fama da mu a kan kusurwa da da'ira da ma'auni. Wanda ya taɓa raba da'ira gida shida don ya yanko tauraro, ya ga in ya kuskure da milimita ɗaya gutsattsarin sun ƙi haɗuwa, ba zai sake mantawa da darasin ba. Gani ya kori ji. Aikin farko da muke da niyyar yi ma irin na Spilsbury ne: taswirar jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro a 1996, a yanka ta bisa ƙananan hukumominta 14, mu kai wa ƙannenmu na firamare. Yaro ya ɗauki Zurmi da hannunsa ya ga ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, ya ɗauki Shinkafi ya jingina ta da Zurmi, ya bi kogin Gagare da yatsa. In wannan ta yi kyau sai mu yi ta Nijeriya da jihohinta 36, mu yi baƙaƙen Hausa har da masu ƙugiya, mu yi lambobi daga 0 zuwa 9.

Na huɗu, yana gyara hali. Bakin zarton nan ba ya ɗaukar gaggawa. In ka tura katako da ƙarfi, ko ka juya da fushi, nan take zai tsinke. Dole ka sassauta, ka bi layi, ka bar haƙoran su yi aikinsu. Ba ka kuma iya satar amsa. A jarrabawa mutum yana iya leƙen takardar na kusa da shi, amma katako ba ya rufa wa kowa asiri: in layinka ya karkace, kowa zai gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa yanzu ne muke ɗanyu.

Na biyar, shi ne wanda ya fi taɓa mana zuciya. Ba sai mun ba kowa labarin abin da ya sami yankinmu ba. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun hana noma, sun mayar da daji wurin da masassaƙi ba ya iya shiga neman icce. A shekarar 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairu, an rufe makarantun kwana. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a jihar, kasuwannin mako-mako ma aka dakatar da su. Yara da yawa sun yi watanni a gida, ba karatu, ba sana'a, ba wurin zuwa. Da zaman banza, in ji masu magana, gara aikin kishiya. Matashin da ba shi da abin yi shi ne ake ruɗa da kuɗi kaɗan, shi ne ke faɗawa shaye-shaye. Ba mu ce zarto zai kawo ƙarshen wannan masifa ba, wannan aikin hukuma ne da addu'ar bayin Allah. Amma aikin da ake iya yi a zaure, ko a tsakar gida, da kayan da za su shiga jakar makaranta, abokin zama ne a ranar da fita ta gagara.

MASU CEWA A'A

Mun san akwai masu ja, kuma ba za mu ƙi sauraronsu ba. Wasu iyaye za su ce mun turo ku ku ci jarrabawa ne, ba ku zama leburori ba. Muna ba su haƙuri, muna kuma tuna musu cewa awa biyu ko uku a mako muke nema, lokacin da a yanzu hira da danne-dannen waya ke cinyewa. Hukumar WAEC ma tana da jarrabawar aikin katako, hukumar NABTEB kuwa da aka kafa a 1992 don jarrabawar fasaha da sana'a aka yi ta. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Kaura Namoda tun 1983. Ɗalibin da ya shiga can ya riga ya saba da awo da zane ya fi wanda bai taɓa riƙe guduma ba. Likitan da ke fiɗa da injiniyan da ke zana gada, su ma da hannu suke cin abinci.

Wasu za su ce sassaƙa sana'ar gado ce, ba ta dace da ɗan kowa ba. Amma wa ya gaji tuƙin mota ko gyaran waya daga kakansa? Sana'a ta mai yi ce. Hasali ma muna roƙon a gayyato mana dattawan masassaƙa da kafintocin gari su zo su koya mana sunayen itatuwa da halin kowane, a girmama su kamar yadda ake girmama kowane malami. Da ɗan gari akan ci gari.

Wasu kuma za su ce akwai haɗari. Gaskiya ne, duk abin da ke yanka katako yana yanka fata. Sai dai cikin kayan aikin kafinta wannan yana cikin mafi sauƙin haɗari, musamman na hannu. Doka kaɗan ta isa: kada a yi aiki sai malami yana nan, yatsa ya nisanci layin yanka, a buɗe tagogi saboda ƙura, a rufe hanci, a sa tabarau, a ƙidaya kayan aiki kafin a rufe ɗaki.

Akwai masu damuwa da sassaƙa siffar mutum ko dabba saboda addini. Muna girmama wannan. Mu ɗalibai ne Musulmi da Kirista a aji ɗaya, kuma zane-zanen gargajiyarmu na layi da fure da haruffa sun ishe mu aikin shekaru ba tare da an ɓata wa kowa rai ba.

Su kuwa masu cewa aikin maza ne, sai su dubi hannun da ke yin kitso da lalle da saƙar hula. Aikin zarton ado natsuwa yake so, ba ƙarfin damtse ba. Ƙungiyarmu ta maza da mata ce.

KIRANMU

Ga hukumar makaranta, muna roƙon makulli da malami ɗaya mai sa ido. Shara da goge-goge mu za mu yi. Ga ƙungiyar iyaye da malamai, da yayyenmu tsofaffin ɗalibai da ke aiki a Gusau, Sakkwato, Kano da Kaduna, abin da muke nema bai kai kuɗin ragon suna ba: zarton hannu guda goma, da bakuna masu yawa tun da suna tsinkewa, da abin huda katako, da takarda mai yashi. Ga kafintocin gari, kada ku ƙone guntayenku, ku tara mana a buhu za mu zo mu ɗauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu kuma ga alkawarinmu. Kafin ranar ba da kyaututtuka ta baɗi, kowane aji zai sami allon suna a ƙofarsa wanda hannunmu ya yanka. Za mu gyara bencinan da suka karye maimakon a jibge su a bayan ɗakin girki. Duk wanda ya shiga ƙungiya kuma zai dasa bishiya ɗaya a harabar makaranta, ya yi ta ban ruwa har ya gama aji shida. In mun kasa, a mayar da kwaɗon, ba za mu yi ƙorafi ba.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, ba dukanmu ne za mu sami aikin ofis ba, wannan kowa ya sani ko da ba a faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fita daga nan da takardar shaida a hannun dama da sana'a a hannun hagu ya fi ƙarfin zaman jiran tsammani. Wanda kuma Allah ya ba babban matsayi, ba zai yi asarar komai ba don ya iya gyara ƙofar gidansa, kuma ba zai raina mai gyara masa ba.